Na Sama Tukuna

Bari in tona wa kaina asiri kafin Kawu Shehu ya riga ni: ni ne na kwance notin ƙasa kafin na sama. E, ni Sanusi, jikan Malam Bube Direba, tsohon da Tambuwal kaf ta sani da Na-Sama. Ku yi dariyarku, na ba ku minti ɗaya.

Ga wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba: Dattijuwa, tsohuwar akori-kurar Kaka, tana da wani ɗan akwatin ƙarfe a bayan giyabos. Shi ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya in an shiga yashi ko taɓo. Kaka cibiya yake ce masa. Noti biyu gare shi, na sama inda ake ɗura mai, na ƙasa inda ake tsiyaye tsohon. In ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, to ka zauna ke nan.

Kun dai san Kaka da ɗan yatsan nan nasa. Duk Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin Dattijuwa, ya kwance na sama, ya zura ƙaramin yatsa. Ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar biki.

Kakata Inna Kulu ta ce, “Malam, shekara arba'in ina cin tuwo da warin man giya!”

Ya ce, “To, kin taɓa tsayawa bisa hanya?”

Wata rana a kasuwa wani mai shago ya miƙo masa jan mai, ruwa-ruwa.

“Baba, duk ɗaya na. Shi kowa ka sawa yanzu.”

Kaka ya lakata ya ɗanɗana, ya tofar. “Wanga zoɓo na, yaro. Kai ma motocin 'yan ofis, su anka yi mashi. Dattijuwa mai kauri taka sha, wanda in ka kifa galan sai ka yi alwala ka dawo bai sauko ba.”

Hanyar Kebbe da damina kuwa, wayyo fasinja! Da ya haye ruwa sai ya ci birki ya jawo buhunsa, wai ya ga ko ruwa ya shiga cibiya, don in ya shiga, sai man ya koma fari kamar koko. Wata rana da awaki takwas da mata goma sha biyu a baya, wata mai daddawa ta leƙo.

“Haba Malam! Kasuwa za ta watse!”

Daga ƙasa muryarsa ta fito: “Kasuwa tana dawowa mako mai zuwa. Ke kin taɓa ganin cibiya ta dawo?”

Tsohon man ma ba ya zubarwa. Ƙafafun rumbu sun sha, wai maganin gara. Ƙyauren Inna ya sha. Na rantse har zakaran gidanmu in ya yi cara, warin gareji kake ji.

Maganarsa ɗaya ce a kan komai. Wani malamin makaranta ya zo shawara, wai zai ajiye aiki ya kama kasuwanci. Kaka ya ce, “Ka buɗe na sama?” Malamin bai gane ba, sai Kaka ya ƙara: “Nic ce, ka san ta inda za ka zuba kafin ka zubas? Na sama tukuna!” Ni kuwa kullum sai ya ja kunnena: “Kai ɓarawon matata, hannunka ya fi kanka sauri. Wata rana za ka sha mamaki.”

A tsakiyar daminar nan Allah ya karɓi abinsa. Yayar Kaka, Iya Tumba, tana wani ƙauye a bayan Kebbe, ruwa ya yanke hanya, gwiwoyinta kuma ba sa ɗaukar babur. Ba ta ga jana'izar ƙanenta ba. Ta aiko cewa ko a kwance ne a kawo ta addu'ar arba'in, kuma duk dangi ba motar da za ta kai can sai Dattijuwa.

Ana gobe addu'a, bayan la'asar, na bugi ƙirji na ce ni zan canza wa cibiyar Dattijuwa mai kafin Kawu Shehu ya kama hanya. Na sayo mai kaurin, har na ɗanɗana don mutane su gani. (Kada ku gwada.) Na shige da buhun Kaka, na ɗora sifana a kan notin da ya fi kusa da hannuna. Mai ya zubo shaa, ina ta murmushi. Na koma na sama. Ko gezau! Kusan kwana arba'in ba wanda ya taɓa shi, ga tsatsar damina. Kawu ya zo ya taka sifana da ƙafa, kan notin ya mulmule ya zama kamar goro.

Ya leƙo ya dube ni. “Sanusi, wane kab buɗe farko?”

Na ce, “Kawu, ka ga hadarin can kuwa?”

Aka yi addu'a babu Iya Tumba. Ban iya cin ko loma ba. Sai bayan kwana uku wani mai walda daga Dogon Daji ya liƙa wa notin ƙarfe ya kwance shi, muka ɗura mai har ya tsiyayo ta bakin ramin, muka je muka ɗauko Iya Tumba.

Tana zama a ɗakin Inna na durƙusa na faɗi laifina. Ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

“Kulu, ba ki gaya mai ba? Yaro, ran da za a kai kakarka ɗaki, Bube yaz zubas da man motar ubangidanai, na sama yaƙ ƙiya. Bisa jaki amarya ta iso!”

Inna ta rufe fuska da mayafi. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, ta farko tun da ta shiga takaba. Can kuma ta koma kukan, Iya ta riƙe hannunta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya buɗe masa ƙofofin sama tun kafin ya ƙwanƙwasa. Iya Tumba ta yi tata addu'ar a makare da kwana uku. Ta yi mako biyu a gidanmu, Dattijuwa ta mayar da ita.