Allo Mai Ƙara da Na Kai wa Kawu Badagishiri

Ƙonni

Tun kafin kiran assalatu na tashi na ɗaure kayana. Ba su da yawa: zane biyu, ledar dabino, da wani dogon kwali da na naɗe cikin tsohon ɗankwali. Maigidana ya ce in sa kwalin a jaka, na ce ba zan sa ba. Na san ƴan tasha, jaka in ta hau bayan mota buhun albasa ake ɗora mata.

Abin da ke cikin kwalin allon madannai ne na kwamfuta, wanda mu a buro, wato ofis, muke kira kilabiye. Kawu Alhasan, wan mahaifiyata, shi ne mai buga wa mutane takardu a bakin kasuwar Badagishiri, kuma shi ya koya mini aikin a kan tsohuwar tafireta, har na zama sakatariya. A bana mutane suka fara dawo masa da takardu, harafi ya ɓace a nan, ya ninku a can. Ɗansa Isufu, taubashina da ke Illela, ya ce idon tsoho ya tafi, a rufe rumfa ya dawo gabansa ya huta. Kawu ya ce idonsa ƙalau, laifin allon robar kwamfutarsa ne da ba ya gaya wa yatsa ko harafi ya shiga. Aka yi ta ja har magana ta tsaya a kaina. An ce in haɗa masa allo mai ƙara irin na tafireta, in kai, in zauna in ga aikinsa ranar kasuwa, sannan in biya Illela in faɗi abin da na gani. Abin da na faɗa, da shi za a yi aiki.

Gaskiya ban yarda da ko ɗaya cikinsu ba. Isufu ya taɓa cewa a gabana wurin zai yi kyau da sayar da takin zamani. Kawu kuwa mutum ne da ko zazzaɓi na kaɗa shi sai ya ce garin ne ya yi sanyi.

Muka yi sallah a tasha, motar ta cika, muka kama hanyar gabas gari bai gama wayewa ba.

Malbaza

Malbaza ba ta kan hanyata, sai da muka wuce mahaɗar Tsarnawa muka ƙara gaba. Dole ce ta kai ni. Allon daga tsallaken iyaka aka kawo mini shi, kuma ya zo da matsala biyu. Ta farko, ba ya ƙara. A irin wannan allo, ƙarƙashin kowace hular harafi akwai ɗan akwati mai sifirin da ake kira suwic. Jajaye shiru suke, shuɗɗa ne ke yin ƙas-ƙas suna ɗan tokare yatsa. Nawa jajaye ne, shuɗɗan kuma an ce sai wurin wani Malam Habu mai sayar da tsofaffin kayan buro a Malbaza.

Na same shi da hantsi yana shan shayi a rumfar kwano, manyan motocin siminti na wucewa suna girgiza ƙasa. Ya zazzage mini suwic a faranti.

“Duk sababbi na, Hajiya.”

“Malam Habu, in sababbi na, mi ya kawo ƙura cikin wanga?”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na zauna a benci na dinga ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa a bakin kunne. Duk wanda muryarsa ta shaƙe, ko ƙafarsa ta lanƙwashe, sai in tura gefe. Shayinsa ya huce yana kallona. Daga nan na ciro ɗan ƙarfen cirewa, na tuge jajayen, na dasa shuɗɗan.

Matsala ta biyu ita ce jerin haruffa. Kayan tsallake tsarin Ingilishi suke bi, mu kuma da na Faransanci muka tashi. Haruffa kaɗan ne suka saɓa, sai na ciccire hulunansu na musanya musu wuri, abin ya koma daidai a ido. Malam Habu ya leƙo.

“Hajiya, hulunan ga ba tsayi guda ba na. Kowane layi da nashi. Ina da cikakken jeri na Faransanci, in kina so.”

Na ce a raina, to, ga inda aka nufa tun ɗazu. Na gode masa, na biya shi, na kwashe rarar suwic a leda na tafi ina jin daɗin ban bari an yi mini wayo ba.

Tsarnawa zuwa Tajaye

Na koma Tsarnawa na ci ƙosai da yaji a tsaye, na samu motar arewa. An matse mu a kujerar tsakiya, kwalin na kan cinyata. Wani ɗan kasuwa a gefena ya tambaye ni abin da ke ciki har sau uku. Na ce masa kayan aiki ne, na ƙara ɗora hannu a kai.

Gaban Gidan Idar aka tsayar da mu a shinge. Jandarma ya duba katin kowa, ya zo kaina ya tsaya. Ya sa aka buɗe jakata, ya ɗago ledar suwic. Sai a lokacin na kalle su da idon wanda bai san su ba: ƙananan akwatuna masu ƙafafun ƙarfe da sifirin a ciki, ga ɗan ƙarfe mai ƙugiya, a wannan zamani da kowa ke tsoron kowa. Ɗan kasuwan ya ja jikinsa daga nawa.

“Madam, sauko. Wanga mi na ne?”

Na sauko. Na kwance ɗankwalin, na ɗora allon a kan bonet, na cire hula ɗaya na nuna masa ɗan'uwan abin da ke hannunsa. Bai gamsu ba sai da ya sa na tuge suwic ɗin na mayar. Sannan ya sa yatsa ya danna. Ƙas. Ya sake dannawa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya danna.

“Irin na tsohon sakataren ofishinmu na birgad,” in ji shi. “Wa za ki kai ma?”

Na ce kawuna. Ya ce mu tafi. Har muka wuce kwanar Tajaye ɗan kasuwan bai sake yi mini magana ba, ni ma na huta. Gonakin hatsi sun koma karan girbi, shanu na bi suna kiwo, direba ya tsaya ya sayi nono a hannun wasu mata ya zuba a gora.

Badagishiri

Bayan la'asar muka gangara kwarin. Lambunan rani sun yi kore shar a gefen gari. Na hau kabu-kabu zuwa gida, na tarar da Kawu a zaure. Sallamata kawai ya ji ya ce, “Ramatu, kin iso?” Na lura bai ɗago kai ba sai da na yi magana, amma na ce wataƙila tunani yake.

Ko ruwa ban gama sha ba ya ce a kawo. Na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi daga gefe zuwa gefe, ya danna, fuskarsa ta washe har na ga giɓinsa. Sai ya jera yatsu ya fara gudu a kai, ya tsaya cak.

“Wa ya karya ma wanga haƙora?”

Ƙaramin yatsansa ya taɓa hulunan da na musanya, ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba. Wadda na sauko da ita daga layin sama ta fi ƴan'uwanta tudu, wadda na hau da ita ta nutse. Maganar Malam Habu ce, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce to in na mayar da su, abin da ke rubuce a kai ba zai dace da abin da ke fitowa ba, don kwamfutarsa wurin da aka danna take bi, ba ruwanta da rubutun hula.

“Maida su. Ni ba duba su nika yi ba.”

Na mayar. Mai bugu na ƙwarai dama ba ya kallon yatsunsa, shi ya koya mini haka da bulalar tsintsiya. Duk da haka maganar ta tsaya mini a rai. Inna Hajo, matarsa, ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka. Na tambaye ta yaya idon Kawu, ta ce in ƙara man shanu, miyar ta tsinke. Na kwana a ɗakinta ban samu komai daga bakinta ba.

Washegari kasuwa ta ci. Rumfar Kawu na kusa da kasuwar dabbobi, teburi ɗaya, benci ɗaya, ƙaramar kwamfuta mai naɗewa wadda batirinta ya gaji, sai da waya a bango take rayuwa. Na haɗa allon, fitilun ƙarƙashin haruffa suka kama. Na zauna a bayansa kamar mai hutawa.

Takarda ta farko ta neman aiki ce. Ya buga, na karanta ta bayan kafaɗarsa har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Ta biyu ma haka. Wallahi daɗi ya kama ni, na fara shirya baƙar maganar da zan gaya wa Isufu da takinsa. Mutane na wucewa suna leƙowa saboda ƙarar, wani tsoho ya ce, “Malam Alhasan, tafireta ta dawo?” Kawu ya gyara zama ya ce ai ba ta taɓa tafiya ba.

Wajen azahar wani dattijon makiyayi, Malam Buba, ya zauna a benci da sandarsa. Shanunsa biyu sun ɓace, yana son takardar sanarwa ya kai wa hukuma. Ya fara faɗin kamanninsu, Kawu na juyawa zuwa Faransanci. Ba su yi nisa ba aka ɗauke wuta. Da rana ne, babu fanka a rumfar, ga hayaniyar kasuwa, ba abin da ya nuna. Kwamfutar ta ɗan jure, sannan fuskarta ta yi baƙi, fitilun allon suka mutu.

Kawu bai tsaya ba. Fuskarsa na kallon gilashin kwamfutar, yatsunsa na gudu, allon na ta ƙas-ƙas, don irin wannan ko babu wuta ƙararsa ba ta canzawa. Malam Buba na cewa ɗayar ja ce mai farin goshi, ƙahon hagu ya karkace, an tsaga mata kunne. Kawu na cewa, “To. Sai mi?” Ya ma ɗan sunkuya kusa da gilashin kamar mai duba layi, ya koma ya ci gaba.

Na so in yi shiru, na rantse na so. Na jira ko zai gane da kansa, na jira har Malam Buba ya gama saniya ta farko ya shiga ta biyu. Mutumin ya baro rugarsa tun safe, ya yarda dukiyarsa na shiga takarda.

Na taɓa kafaɗarsa. “Kawu, an ɗauke wuta. Ta mutu.”

Yatsunsa suka tsaya a inda suke.

“Tun yaushe?”

“Tun kan saniya ta fari.”

Ya janye hannuwansa ya sa a cinya. Ya ba Malam Buba haƙuri, ya ce ɗiyarsa za ta rubuta masa da hannu. Na rubuta. Da mutumin ya tafi Kawu ya ce, “Illela za ki gobe?” Na ce i. Ya ce, “Ki gaida min yara.” Bai roƙe ni komai ba, kuma da ya roƙa da abin ya fi mini sauƙi.

Illela

Da safe na samu motar a-kori-kura, na zauna a gaba. Hanyar ta jijjiga mu sosai, ban ji ba. Isufu na ƙofar gida yana jirana. Ya fara tsokanar da muka saba, wai baiwarsa ta zo, ina tsarabarsa. Ban rama ba, shi ma ya daina.

Na gaya masa duka: takardu biyu masu kyau, da ta ukun. Na zuba masa ido ina jiran in ga murnar wanda rumfa ta faɗo hannunsa. Sai ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi.

“Ran Sallah Baba ya miƙa ma ginshiƙin masallaci hannu,” ya ce. “Na gani, na yi kamar ban gani ba. Na kasa faɗa mai, Ramatu. Shi ya sa nic ce a kira ki.”

Na ce ashe ni kuka aika in yanka. Ya ce i, don ni ce Kawu ba zai ƙaryata ba. Matarsa ta dama fura, ba wanda ya sha. Ya nuna mini ɗakin da ya gyara wa tsohon, har da sabuwar tabarma, ya ce Juma'a mai zuwa zai je ya ɗauko su.

Gida

Na koma ta Badagishiri, don nan motocin Ƙonni ke tsayawa. Daga inda nake jira ana hango rumfar. A rufe take, da kwaɗo, ranar da ba Juma'a ba. Ban ƙarasa gidan ba, zuciyata ba ta ba ni ba.

Na iso Ƙonni ana kiran magariba. Maigidana ya karɓi jakata ya ce, “Allon ya yi?” Na ce ya yi, babu abin da ya same shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobi, da Inna Hajo da ta ciyar da ni ta kuma rufa wa mijinta asiri iyakar ƙarfinta, da Malam Habu da na zarga a banza. Kawu kuwa, shi ya koya mini in buga abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, kuma haka na yi masa. Allah ya sa ya yafe mini.