Naman da Ba Shi da Hanta

Har gobe ban manta da ranar da na wuce rumfar Sarkin Fawa Illo na yi kamar ban gan shi ba. Da ana maido da jiya, da wannan wucewar zan fara gogewa. Ku da kuka gaje mu a aikin cefane, ga yadda abin ya faru.

Ni ne mai cefanen kantin a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye cikin karkarar Garhanga. Kantin shi ne wurin da ake ciyar da yaran da gidajensu ke da nisa, ɗiyan makiyaya da na ƙauyukan kan tudu. Darakta, shugaban lakwal, yakan ba ni kuɗin mako, in sayo kaya, in miƙa wa Inna Tamo, shugabar masu girki. Nama sau ɗaya ne a mako, ranar kasuwa, kuma da wannan ranar yara ke lissafin makonsu.

Ƙa'idar nama ba ta da wuya. A mayanka ake yanka da safe, malamin dabbobi ya tsaga hanta ya duba huhu, in ya gamsu ya buga hatimin shuɗi a jikin naman. Illo yana da wata al'ada tasa bayan wannan: yakan rataye hantar da huhun kusa da naman, ba ya sayar da su sai kasuwa ta ci rabi, don mai saye ya gani da idonsa. Gurinsa nake saye shekara da shekaru. Kashin naman da yake kasawa ƙanana ne, kuma ba ya ragi.

Wata shekara aka rage kuɗin kantin. Cikin watan Mayu ne, bazara ta kai ƙarshe, dabbobi sun rame, nama ya yi tsada. Darakta ya kira ni ofis ya ce ba ƙari, amma in yi dabara kada yara su ga bambanci a kwanonsu. Na ce ya bar mini.

Na shiga kasuwa sai na ji ana zancen wani baƙon mahauci a ƙarƙashin gawo, can bayan masu tukwane. Na wuce Illo, na ji yana kirana, "Abdu mai kantin, yau ba gaisuwa?" Ban waiwaya ba. Baƙon ya shimfiɗa naman saniya a kan buhu, kashi ɗaya nasa ya yi biyun na Illo. Na juya naman ban ga shuɗi ba. Na tambayi hanta, ya ce tun da sassafe wata mata ta saye. Na tambayi huhu, ya ce ita ta haɗa. Gaskiya a nan zuciyata ta faɗa mini. Amma na dubi tulin naman, na tuna da kwanonin yara, na tuna yabon da darakta zai yi mini, na cika kwando.

Inna Tamo ta zuba naman a daro, ta danna shi da yatsa, gurbin yatsar ya ƙi tashi. Launinsa ya yi duhu, jini ya kwanta cikin tsokar. Ta sunsuna, ta dube ni.

"Malam Abdu, wanga ba na Illo ba ne. Ina hanta tai?"

Na ce an saye, na ce mata ta ɗora tukunya kawai, rana na yi. Ta goge hannu a zanenta ta ce in ina so in hura wutar da kaina, amma ita ba ta dafa wa ɗiyan mutane abin da ba ta iya ba jikanta. Na ɗaga murya, na tuna mata ni ke cefane. Sai ta tafi ofishin darakta.

Darakta ya aika aka kira malamin dabbobi. Bai daɗe yana dubawa ba ya ce saniyar mara lafiya ce, an sa mata wuƙa ne tana gab da mutuwa, shi ya sa jinin bai tsiyaye ba. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi bayan lakwal aka binne. Da aka je ƙarƙashin gawo, baƙon ya naɗe buhunsa. Ranar yara suka ci tuwo da miyar kuka tsura. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu suna juya miya da yatsa suna nema. Bayan kwana kaɗan muka ji wasu gidajen da suka sayi naman sun kwana a asibiti. Darakta ya ce in aka kuma, in aje kwandon.

Kasuwa ta zagayo na tafi gurin Illo. Ya bar ni tsaye har ya sallami mutum biyu, sannan ya ce ashe ban manta hanya ba. Na faɗa masa gaskiya: kuɗi sun ragu, yara ba su ragu ba. Bai rage mini ko kaɗan ba. Cewa ya yi ai ba tsoka yaro ke nema a miya ba, romo ne. Ya ce in daina sayen cinya, in koma ga ƙirji da wuya da ƙashi mai ɓargo, wani makon kai da ƙafa. Ya ce in riƙa gaya masa tun jajibiri don ya ware mini, in kuma haɗa hannu da malaman lakwal mu ɗauki ƙafa guda, wato rubu'in saniya, mu raba, ya fi sayen kashi-kashi sauƙi. Haka na yi har na bar aiki, kuma yara ba su sake laluben miya ba.

Da zan tafi ya ɗaga hantar da ke rataye ya juya mini ita.

"Duba da kyau, Abdu. Kallo kyauta ne."

Abin da na sani ke nan game da nama, kuma na san shi sarai. Mahauci ka zaɓa kafin ka zaɓi kashi. In kuɗi sun gaza, sauya ɓangaren da kake saye, ka bar rumfar yadda take. Ina roƙonku, duk arhar da aka yi muku, in kun tambayi hanta aka ce an saye, ku ɗauki kwandonku ku wuce.