Tukuna, Mai Sauraren Fitila

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share bakin garejinsa, ya jera sifanu a kan tsohon buhu daga ƙarami zuwa babba, ya goge tabarau da gefen riga. Sannan ya ɗauko na'urar nan mai doguwar waya da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, ya ajiye ta a kan benci kamar baƙuwar da har yau ba su gama sabawa ba. Sunansa na yanka ya ɓata tun da daɗewa. Kowa Tukuna yake ce masa, domin duk motar da ka kawo masa, ka tambaye shi abin da ke damun ta, amsarsa ɗaya ce: "Ban gane ba tukuna."

A motocin da ya tashi da su, kunne ne likita. Inji ya yi tari, ya san inda ke masa ciwo. Yana cikin furfura sai ga motoci masu fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, wadda wasu ke cewa hoton inji ce, wasu su ce famfo, wasu su rantse butar shayi ce. Mota na tafiya lafiya lau, fitila ta kama. Abokan sana'arsa ba su wahalar da kansu ba. Wani ya cire ƙwan fitilar, wani ya liƙe ta da baƙin salatif, wani ya goge ta da na'ura ya ce an gyara. Shi kuwa ya zauna ya ruɗe, kuma bai ɓoye ruɗewarsa ba.

Yakan ce ƙananan na'urorin jikin mota da ake kira sansa 'yan rahoto ne. Wani yana shinshinar hayaƙi a salansa, wani yana auna iskar da inji ke shaƙa, wani yana taɓa zafin ruwa. "To fitila ta kama," in ji shi, "ko inji ne ba lafiya, ko mai rahoton ne ya zare, ko ɓera ya ci wayar da ke tsakaninsu. Na'ura ta ce an kawo ƙara, ba ta ce ga mai laifi ba."

Maƙwabtansa, mai faci da mai walda, har gobe suna ba da labarin motar mai gidan burodi. Mutumin yana hawanta sati guda fitila ba ta motsa ba. Ranar da matarsa ta ɗauka za ta duba mahaifiyarta da ke kwance a can ƙarshen gari, kafin ta dawo fitila ta kama. An goge, ta dawo. An canza sansar salansa, an canza ta tanki, ta dawo, kuma kullum a hannun matar. Maigida ya yanke hukunci: ba ta iya tuƙi ba, zai karɓe makulli. Tsohuwa kuwa ba ta da mai juya ta a gado sai 'yar nan, kuma motar haya ba ta shiga lungunsu.

Tare suka zo, kowa fuska a ɗaure.

"Baba, ka gaya masa," in ji matar. "Ni ko rami na gani sai na yi masa sallama kafin in wuce."

"Malam Tukuna, mota ba ta ƙarya," in ji mijin. "Ni ta san hannuna. Ita da ta zauna sai motar ta fara kuka."

"Kuka kuma, Baban yara? Wataƙila ni ce kawai take iya gaya wa damuwarta."

Tukuna ya soka na'ura. Ta ce tururin mai yana zurarewa ta wani wuri. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya bi robobin tanki ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya shafa musu ruwan sabulu ko kumfa zai tona asiri. Babu. Ya gwada sabuwar sansar tanki, lafiyarta ƙalau. Ya ce a kawo tsohuwar da aka cire, ita ma ba abin da ta yi, an kore ta daga aiki ne a banza. Ya taɓa murfin tanki, a ɗaure gam, domin bakaniken da ya duba motar kafin su zo ya ɗaure shi. Ya sa matar ta zaga da shi unguwa, tuƙinta ya fi nasa natsuwa. Ya fito yana sosa ƙeya da gindin sifana.

"Ka gano?" in ji mijin.

"Ban gane ba tukuna."

"To goge mana ita mu tafi, makullin kuma na san inda zan ajiye shi."

Goge fitila aikin danna maɓalli ne, da ya yi da ya huta. Amma ya dubi matar, ta kafa wa ƙasa ido, ya ce ba zai goge abin da bai fahimta ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, ina mota ta san wanda ke zaune a kanta? Ya yi ta juya tambayar har shayinsa ya huce. Da ya rasa ta inda zai kama, sai ya koma tambayar da ba ta shafi inji ba.

"Wa ke zuba mai?"

"Ni mana," in ji mijin. "Duk ranar da za ta fita, tun jajibiri nake cika mata tanki. Ba na son ta tsaya layi."

"Mu je in gani."

A gidan mai aka cika tanki, maigida ya karɓi murfi daga hannun mai zubawa, ya murɗa a hankali, ya tsaya.

"Me ya sa ka tsaya?"

"In ka ƙara sai ya yi ƙas-ƙas. Masu zuba man nan haka suke kashe wa mutane murfi. Shi ya sa nake rufewa da kaina."

Tukuna ya kama murfin ya murɗa har ya yi ƙas-ƙas ɗin. Ya ce wannan ƙarar ita ce murfi ke cewa na rufu. In bai yi ta ba, tururi na fita, sansa ta kai rahoto, kuma mota ba ta kunna fitila nan take, sai ta sake dubawa a tafiya ta gaba. Tafiya ta gaba kuwa ta wa ce?

Mijin ya daɗe yana kallon murfin. Matar ta miƙa masa hannu. Ya sa mata makulli a ciki.

"Ashe duk ladabin da nake wa rami," in ji ta, "murfi ne ke jin yunwar hannu."

Kai ne, Tukuna, wanda bai taɓa jin kunyar cewa bai sani ba. Kai ne ba ka kashe ɗan aike don saƙonsa ya yi ɗaci, ba ka kuma ɗora wa mai gaskiya laifin murfi. Mun ga masu amsa a bakin leɓe, mun bi su, mun dawo da motocinmu a kan igiya. Ruɗewarka ta fi saninsu amfani, mai haƙurin dafa dutse.

Yanzu baya ya ƙi, shiga ƙarƙashin mota ya zama yaƙi, ƙarshen watan nan zai miƙa garejin ga ɗan ƙanensa. Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sa hannun da ya sha baƙin mai ya ga hutu. Ku kuma da kuka gaji sifana, da ku da ba ku taɓa riƙe ta ba, in fitila ta kama muku, a mota ko a cikin gida, kada ku yi saurin neman salatif ko mai laifi. Ku ari kalmar dattijon nan ku riƙe.

Mai faci ya tambaye shi shekaranjiya, yanzu da zai ajiye aiki, ko ya gama gane motocin zamani. Ya naɗe wayar na'urarsa a hankali, ya sa ta a akwati, ya ce, "Tukuna."