Hannun Da Ya Riƙe Kwamfuta

A shekarun da rikici ya rufe makarantu a yankin masu jin Turanci na ƙasarmu, ƙanwata ta dawo unguwarmu ta Briqueterie da 'yarta, suka sauka a gidana. Yarinyar da Turanci ta yi karatu. Makarantun kusa da mu na Faransanci ne, kuma duk inda muka je sai a ce a mayar da ita baya aji biyu. Uwarta ta ce idan damina ta wuce ba a samu gurbi ba, za ta kai ta koyon ɗinki a unguwar Messa.

Ni kuwa na bar aikin fassara labarai a rediyo, ina zaune. Wata ƙungiya ta kawo kwamfutocin hannu unguwarmu, da wasan koyon kimiyya a ciki, aka ce in riƙa kula da yaran tunda ina jin harsunansu. An yi alkawarin waɗanda suka fi maki za a ba su gurbi a wata makaranta mai koyarwa da harshe biyu a unguwar Tsinga. Na sa sunan yarinyar.

Wasan na haɗa lantarki ne. Akwai batir, waya, makunni da ƙwan lantarki. Ka jona daidai, garin da ke cikin wasan ya haskaka, agogo na tafiya a gefe. Da Faransanci ko Turanci yake magana. Kwamfutocin ba su isa ba, sai aka raba yaran rukuni-rukuni. Ita ta faɗa cikin maza uku: ɗan mai suya, wanda Faransancinsa na titi ne, da wani da ya zo daga garin Garwa da Fillanci, da ɗan wani tela ɗan Najeriya da bai jin komai sai Hausa.

Daga ranar farko ɗan mai suya ya karɓi kwamfutar. Shi ne babba, kuma unguwarsu ce. Ita baƙuwa ce, baƙuwa kuwa ba ta miƙa hannu. Ta zauna a bayansu tana leƙe. Ta riga ta yi darasin lantarki kafin a rufe makarantarsu, don haka takan faɗa da Hausa, ta maimaita da guntun Fillancinta, ta ƙara da Pidgin idan ta ƙosa.

"Ba nan ba. Wuta sai ta zaga ta dawo gida. Ka bar mata hanya a yanke."

"To Malama, mun ji," in ji ɗan mai suya. Ya jona, ƙwai ya kama, suka yi ihu. Makin ya shiga sunansa.

Haka aka yi ta tafiya. Mazan suna karɓa-karɓa, makinsu na hawa. Da na yi mata magana a gida, ta ce, "Kawu, in na karɓa wa zai gaya musu? Kuma ai kunya."

Na je wurin jami'ar ƙungiyar, wata matashiya da kullum take da alamar rashin barci. Na yi mata bayani da Faransanci, a tsare, kamar ina karanta rahoto. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda da ni, amma na'ura hannun da ya taɓa ta kawai ta sani. Abin da za ta iya shi ne ta ba yarinyar dama ɗaya, ita kaɗai, ranar rufe shirin.

Ranar aka juya mata wasan zuwa Turanci. Mazan uku suka tsaya a bayanta kamar yadda ta saba tsaya musu. Ta dubi allon, ta gane amsar, na ga ta gane. Sai ta waiwaya ta fara bayani da Hausa.

"Ke, danna kawai," in ji ɗan tela.

Ta danna. A mataki na gaba ta sake waiwayawa wajen ɗan Garwa, don ta ga fuskarsa ba ta nuna ya fahimta ba. Yatsanta ma bai saba da jan waya a kan gilashi ba. Sai ta kama wayar, ta suɓuce mata. Duk abin da ta jona daidai ne. Agogo ya ƙare saura unguwa guda a garin ba ta samu wuta ba.

Biyu daga cikin mazan suka samu gurbi. Ɗan mai suya ya kawo mana ƙunshin nama da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

Da damina ta wuce uwarta ta kai ta Messa. Wani lokaci ina bi ta gaban shagon. Idan keken ɗinki na lantarki ya tsaya, ita ake kira ta duba wayar. Nakan gaishe su in wuce.