Ranar da Na Karanta Ajinmu a Jarida

Babana baduku ne a Jakara. Ajami ya iya, boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma duk ranar da jaridar jam'iyyarsu ta fito sai ya saya, ya shiga neman mai karanta masa. Da ya gaji da roƙon mutane ne ya bar ni na shiga ajin 'yan mata da wata ƙungiyar taimakon ilimi ta buɗe a wani gida a Koki.

Ajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tabarma biyu, baƙin allo mai tsaga, sai Malama da ke karya alli gida uku don ya kai mu mako. Amma ina son wurin nan har raina.

Sakataren ƙungiyar sau ɗaya na taɓa ganinsa. Ya zo a mota, ya leƙa daga bakin ƙofa, bai ko cire takalmi ba. Matan unguwa suna cewa albashinsa zai riƙe malamai da dama. Ni da shegen son sani, na tambayi Malama aikin me yake yi.

Ta ce, "Taro yake zama."

Na ce, "Malama, zaman taro ya fi koyarwa wuya ne?"

Ta danne dariya, ta ce in bar surutu in duba allo.

Wata Laraba wani tela maƙwabcinmu, wanda yake ɗan ɗaya jam'iyyar, ya kira ni in karanta masa tasu jaridar. Sai ga ajinmu a ciki! Wai benci reras, kowace yarinya da littafinta, duk ƙoƙarin sakatare ne. Na yi ta mamakin inda aka ɓoye mana bencin nan.

Bayan kwana biyu ta su Baba ta fito, ya miƙo mini in karanta masa. Ita kuma cewa ta yi babu wani aji a Koki, suna ne kawai, 'yan ɗaya jam'iyyar ne suka ƙirƙiro don su ci taimakon jama'a. Idona ya riga bakina isa wurin, kuma da na tsallake shi babu mai sani. Sai dai ina jin daɗin a ji ina karatu ba gargada, na zuba shi tiryan-tiryan.

Baba ya ajiye fatar da ke hannunsa. "Maimaita wurin nan."

Na maimaita. Na ce, "Baba, ai ƙarya ce. Kullum can nake zuwa."

"Na sani," in ji shi. "Amma an riga an buga. Ba za a ce 'yata tana cikin abin mutanen can ba. Daga gobe kin daina."

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin tuwo, duk a banza. Har yau ina son in san ko waɗanda suka rubuta labaran biyu sun taɓa bin lungun nan na Koki. Shi sakatare bai rasa komai ba, an ci gaba da ganin motarsa a Ƙofar Kabuga.

Na samo fallen takarda da guntun fensir, da niyyar in sanar da jaridar cewa ajin yana nan, ni ce shaida. Na rubuta sunana, na tsaya. Da ma Malama ta ce sai mako mai zuwa ne za ta fara koya mana rubuta wasiƙa.