Agogon Baba Mai Lattin Awa Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa, ko ana ruwan sama ko ana zafi. Ya jingine lemarsa a bayan ƙofa, ya cika butar shayi, sannan ya tsaya gaban agogo biyar da ya rataya a bangon ɗakinsa yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da lokacin da yake nunawa, domin tashoshin da muke kai wa mutane ta intanet daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Saboda waɗannan agogunan muke ce masa Baba Agogo. Ni ce mai amsa wayar masu ƙorafi a kamfaninmu, teburina na kallon ƙofarsa, shekara goma sha ɗaya ke nan. A makon nan ya ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zan yi shiru ba, yabon gwani ya zama dole.

In ka tambaye shi aikinsa sai ya ce, “Aure nake ɗaurawa.” Da gaskiyarsa. Jerin tashoshi daban yake zuwa, jadawalin shirye-shirye ma daban, kowanne da lambarsa. Sai wani ya zauna ya haɗa kowace tasha da jadawalinta, ya daidaita lokacin, kafin kai da ke kishingiɗe a falo ka danna rimot ka ga an rubuta labarai ƙarfe shida, ka kuma tarar da labaran. In an haɗa ba daidai ba, sai a rubuta maka wasan ƙwallo ka tarar ana koya girki. Ni ke shan zagin, shi ya sa na san darajar mutumin nan fiye da kowa.

Kafin intanet, a gidan jarida ya yi aiki, shi ke buga jadawalin talabijin a shafin baya. Yakan ce a lokacin tasha biyu ce kacal, ta buɗe da yamma ta rufe da wuri, mutane su yanke shafin da almakashi su manna a jikin kabad. In yana ba da labarin sai ka ga idonsa ya yi ƙyalli. Da tashoshi suka kai ɗari huɗu bai ce ya tsufa ba, ya koyi kwamfuta da yatsa biyu. Amma littafinsa mai baƙin bango bai taɓa rabuwa da shi ba. A ciki yake rubuta halin kowace tasha: wadda ke sauya suna ba sallama, wadda ƙasarta ke matsar da agogo sau biyu a shekara, da waɗanda yake kira ’yan biyu, wato tasha da ƙanwarta mai maimaita komai bayan awa ɗaya.

Bara aka kawo manhaja mai yin haɗin da kanta. Manaja ya ce Baba ya huta, ya riƙa duba abin da ta kasa kawai. Baba ya ce, “To, Allah ya sa ta fi ni.” Mu ma, da kunya nake faɗa, mun ɗan yi masa dariya da littafinsa.

Sai ga ranar da ba zan manta ba.

Mahaifinmu direban jirgin ƙasa ne, ya rasu ina ’yar shekara tara. Hotonsa ɗaya muke da shi, muryarsa kuwa ni ko tunawa ba na yi. Wata ƙaramar tashar talabijin ta fara maimaita tsofaffin shirye-shiryenta, sai yayana ya ga a jadawali cewa ranar Laraba ƙarfe biyar na yamma za a nuna wanda aka yi a kan ma’aikatan jirgi. Ummanmu ta sha ba mu labarin ranar da masu kyamara suka tare shi a tashar jirgi, amma ita kanta ba ta taɓa ganin shirin ba, don ba su da talabijin a lokacin. Kwana uku ba ta da wata magana sai wannan. Ranar na nemi izini na koma gida da wuri. Umma ta yi wanka, ta sa kayan da take zuwa unguwa da su, har da turare. Yayana ya ce, “Umma, ba fa zai ji ƙamshin ba.” Ta ce, “Rufe min baki, ɗan nema.”

Biyar saura minti goma muka kunna don kada a fara ba mu. Me za mu gani? Sunayen masu shirin na hawa sama, jirgi na barin tasha, wani mutum ya ba da baya yana ɗaga hannu. Shirin ya ƙare. Umma ta miƙe tsaye ta ce, “Shi ne. Wallahi bayansa ne.” Ta koma ta zauna, ta naɗe hannu a cinya, ba ta yi kuka ba. Gara ma a ce ta yi.

Nan take na kira Baba Agogo. Ya riga ya tashi daga aiki, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, “’Yata, wace tasha ce?” Na faɗa masa. Ya ce, “Wannan ai ’yan biyu ce. Jadawalin ƙanwar aka ɗora wa yayar, shi ya sa kuka ga biyar. A wajen ƙanwar yanzu za a fara.” Na ce, “Baba, ai ba ta cikin jerinmu.” Ya ce, “Na sani. Manhajar ta ga sun yi kama, ta ɗauka abu ɗaya ne, ta cire ta. Kada ki bari Umma ta tashi daga wurin.”

Maigadin ofis ne ya ba ni ragowar labarin. Ya ce ya ga tsoho ya sauko daga motar haya da ta riga ta cika, ya tsallaka titi da sassarfa, ya hau bene hawa uku da gwiwar nan tasa mai ciwo, ko hutawa bai yi ba. Adireshin intanet na tashar yana cikin baƙin littafin, da rubutun hannunsa na shekara shida baya, da shi ya maido ta jerinmu. Biyar da minti goma sha biyu wayata ta yi ƙara, yana haki ya ce, “Ki kashe akwatin ki sake kunnawa, ki je lamba ɗari biyu da goma sha huɗu.”

Bayan minti takwas mahaifinmu ya juyo ya kalle mu. Matashi ne, bai kai yayana shekaru ba. Ya yi dariya, ya ce wa mai tambaya jirgi ba ya son gaggawa. Umma ta matsa har gwiwarta na taɓa teburin talabijin, ta ce, “Ku gan shi, ko hular bai gyara ba.” A nan hawayen suka zo, nata da namu. Yayana ya ɗauka a waya, minti shida da ’yan daƙiƙu, har yau su ne dukiyar gidanmu.

Baba, kai ne ka ba ni muryar ubana. Washegari ko zancen ba ka ɗauko ba, sai zama ka yi da littafinka kana maido da sauran ’yan biyun da aka jefar, har guda tara. Sunanka bai taɓa fitowa a allon kowa ba. Dubban gidaje sun danna rimot sun tarar da abin da aka yi musu alkawari, ba su san akwai wani tsoho da ke gadin alkawarin ba. Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma da aka bar wa kujerar, ku yi amfani da manhajarku, tana da sauri, ban musa ba. Amma ku buɗe tashar da idonku ku gani kafin ku ce an gama, kamar yadda yake yi. Ba ku san wa ya yi wanka ya zauna yana jira ba.

Ranar da ya kwashe kayansa ya bar littafin a teburin, ya sauke agogunansa. Na ƙarshen, wanda yake barinsa awa ɗaya a baya saboda ’yan biyu, shi ya miƙo mini ya ce in kai wa Umma. Yana rataye a ɗakinta yanzu. Jiya ƙanwarta ta zo gaisuwa, ta ɗaga kai ta ce, “Yaya, agogonki ya yi latti, kawo in gyara miki.” Umma ta riƙe hannunta ta ce, “Kada ki taɓa shi. Da lattin nan na ga mijina.”