Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Gayyarmu Yaƙi

Komai zan iya mantawa a rayuwata, ban da ranar da na ga mutanen ƙauyenmu a jikin allo an zagaye kawunansu da jan layi. An kwana biyu da yin abin, amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Birnin Kudu. Wani kamfani ya zo da manhajar da ke ƙirƙiro fagen fama na ƙarya don horar da sojoji. Ka gaya mata irin wurin da kake so, ta zana maka gari da hanyoyi da abokan gaba, kurtu ya zauna ya koyi harbi ba a zubar da jini ba. Don abin ya yi kama da gaske, samarin kamfanin suka yi ta yawo tsakanin Birnin Kudu da Gwaram suna ɗaukar hotuna da muryoyi. Da za su gwada ta a gaban wasu tsofaffin sojoji, ni suka ɗauka in haɗa musu wayoyi da majigi. Har sabuwar riga na sa, wai ni na shiga harkar manya.

Shugaban tawagar, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ya sa aka kunna. Sai ga hanyar Surko, ƙauyenmu, har da tsamiyar bakin rijiya. Sai ga muryar mai shelarmu, wadda na sani tun ina yaro: "Jama'a, gobe da safe akwai gayya, kowa ya fito da kayan aikinsa." A ƙasan allo kuwa an rubuta da Turanci wai mutanen gari na shirin kai harin ramuwar gayya.

Ni na san wannan gayyar. A waccan daminar yayana yana kwance da ciwon ƙafa, ciyawa ta cinye masa gonar dawa, gari ya taru ya nome masa ita. Ita manhajar ta leƙa ƙamus, ta tarar da gayya kusa da ramuwa, shi ke nan ta yanke hukunci. Fartanya a kafaɗa ta zama bindiga. Mai gangar noma ya zama kwamanda. Matan da suka kawo kunu aka ce masu kai wa 'yan ta'adda abinci ne. Wani ma'aikacinsu ya fara dannawa, mutane suna faɗuwa a kan kunyoyin gona, ana tafa masa.

Ban san lokacin da na zare wayar wuta ba.

"Yallaɓai, waɗannan da kuke harbi noma suka je," na ce wa shugaban tawagar.

Tafintansa ya matso yana murmushi. "Malam, kwantar da hankalinka. Ai zane ne, ba mutane ba ne."

"Zane ne da muryar mai shelarmu? Yaron da ya saba harbin masu fartanya a nan, ranar da aka turo shi Surko ya tarar da gayya, me hannunsa zai yi?"

Can wani tsohon soja ya gyara zama ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Mu ma in abu ya taso, abin da aka koya mana muke yi, ba a tsayawa tunani."

Suka ba da haƙuri, suka ce za a gyara. Bayan wani lokaci ɗaya daga cikin samarin ya kawo mini gyaran wayarsa, ya nuna mini gyaran da aka yi yana alfahari. Sun goge sunan Surko, sun kashe muryar mai shela. Mutanenmu suna nan da fartanyoyinsu, jan layin ma yana nan. Wallahi wannan ya fi na farko ci mini rai, don yanzu kowane ƙauye ne, kuma babu muryar da wani zai ji ya gane noma ake. Na kira lambar da suka bar mini har na gaji, ba wanda ya ɗaga. Ko an sayar da manhajar, ko wa ake koyarwa da ita yau, ban sani ba.

Abin da na koya shi ne, kada ka yarda wanda bai san maganarka ba ya zana ka ga mai riƙe da bindiga. Yanzu duk gayyar da na je, in na ji ƙugin babbar mota a hanya, ni nake fara cewa, "Jama'a, a sauke fartanya daga kafaɗa." Dariya suke yi mini, ni kuwa ba na sake jiki sai motar ta wuce.